Kiran Ƙarfe Huɗu da Rabi

Jiya da hantsi ina zaune a bakin shagona na ji ɗaya daga cikinku, ku masu gyaran wayar hannu da kuka kewaye ni da teburanku a nan Nyohini, yana ce wa abokinsa wai gyaran rediyo ba sana'a ba ce, ka buɗe baya, ka hura iska, ka canza batir, shi ke nan. Ƙarfin musu ya ƙare mini tuntuni. Amma tunda kun dame ni da tambayar abin da yake kai ni Bulpiela kowace Juma'a, har nake rufe shago kafin ƙarfe huɗu ko da mai kawo aiki yana tsaye, to yau zan faɗa muku sau ɗaya. Sai dai ku haƙura in fara daga sana'ar da kuka raina, domin ta nan hanyar ta bi.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Saje Alasan. Tsohon soja ne, rabin Tamale Ol Soja suke ce masa. A soja ba harbi ne aikinsa ba, ɗan sigina ne, wato mai zama a kan na'urar da ake aika saƙo tsakanin runduna da runduna. An kai shi ƙasashen waje aikin raba faɗa, ya dawo da ɗingishi a ƙafar dama, da wani koren akwatin ƙarfe, da kunnen hagu da ya mutu. Na daman kuwa ya fi kunnuwan mutum uku. Da ya bar soja ya buɗe wannan shagon da kuke gani. Ina da shekara goma sha bakwai babana ya kawo ni wurinsa da goro da kwalaben lemo, kamar yadda ake yi. Saje bai dubi fuskata ba, hannuna ya kama ya juya, ya ce, "Yatsu na da kyau. Kai ne ban sani ba."

Wata shida na farko ban taɓa cikin rediyo ba. Aikina hura kolpot, murhun gawayin nan, domin ƙarfen dalmarmu ba na lantarki ba ne irin naku. Ƙarfe ne mai kan tagulla da ake cusawa cikin garwashi. In ya yi zafi da yawa ya ƙona allon rediyo. In bai kai ba, dalma ta zauna kamar ta kama alhali ba ta kama ba, mai kaya ya kai gida ya yi kwana biyu ya dawo yana ambaton iyayenka. Saje ba ya taɓa ƙarfen don ya ji zafinsa. Kusa da kumatunsa yake kai shi, sai ya ce, "Bai yi ba," ko ya ce, "Idi, ka dafa shi haka, ci za mu yi?" Sauran kayan aikin ba su da yawa: mita mai allura da ya zo da ita daga soja, sukudireba uku, filaya, tsohon buroshin haƙori, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kayan da muka ciro daga matattun rediyo. Ba a zubar da komai a shagon nan. Har yau akwai gwangwanin da shi ya rubuta a jikinsa, ban ƙarar da abin ciki ba.

Dokarsa ta farko ita ce ba a buɗe rediyo sai an saurare shi. "Kunne kafin hannu," haka yake faɗa, har na tsani kalmar. Na tuna wani makiyayi daga rugagen bayan gari da ya kawo rediyo a cikin jakar fata, an ɗaure shi da robar tayar keke. Ya ce da safe yana magana, rana ta take sai ya yi shiru, da yamma kuma ya dawo kamar ba shi ba. Ni da zumuɗi na ɗauki sukudireba. Saje ya buge mini hannu. Ya kunna, ya saurara, sannan ya fita da rediyon ya ajiye shi a rana bakin shago, ya ce wa mutumin ya zauna ya sha ruwa. Bayan kamar rabin awa murya ta fara rawa, can ta ɗauke. Ya mayar da shi inuwa, ya yi masa fifita da kwali, murya ta dawo. Sai a lokacin ya ce in buɗe, ya nuna mini wuri guda da tsinken ashana. Tsohuwar dalma ce ta tsage, tsagewar da ido ba ya gani, zafi ya buɗe ta, sanyi ya rufe. Ɗigon dalma ɗaya ya gyara shi.

Makiyayin ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Shi ke nan? Wannan ɗan ƙaramin?"

Saje ya ce, "Ƙaramin ne ya taso ka daga daji."

Washegari matar mutumin ta tsaya da ƙwaryar nono a ƙofar shago. Da ku ne, allon gaba ɗaya za ku cire ku sa sabo, ku ce kun yi gyara.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Malaman makaranta 'yan kudu da ke zaune Kalpohin sai sun tsaya a kanka suna karanta maka littafin da ya zo da rediyon, kai da ka buɗe irinsa ɗari. Direbobi sai sun gama jagwalgwala shi da wuƙa sannan su rantse ba wanda ya taɓa. Tsofaffin mata kuwa ba ruwansu da kiɗa, sanarwar mutuwa suke so su ji. In rediyon ɗayarsu ya kwana a shago, da sassafe za ka gan ta, ta ce dasiba, wato ina kwana da yaren garin nan, ka ce naa, ta zauna a benci sai ka kunna mata wani ta ji waɗanda suka tafi, sannan ta tashi.

Shago wurin neman abinci ne kawai a wajen Saje. Ransa yana gida, a Bulpiela, cikin wani ɗan ɗaki da matarsa Mma Azara take ce wa bariki. A nan koren akwatin yake. Rediyo ne, amma ba irin wanda kuka sani ba, wannan yana ji kuma yana aikawa. Saje yana da takardar izinin hukuma da lambar kira tasa ta kansa, kamar sauran masu wannan sha'awa a duniya. Ya ja doguwar waya daga darbejiyar tsakar gida zuwa wani dogon sanda a bayan katanga, ita ce eriya. Maƙwabta sun daɗe suna cewa da aljanu yake hira, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa ya ƙaryata ba.

Ba da baki yake magana ba. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kan baƙin katako da ake dannawa da yatsu, sojoji suna ce masa ki. Ka danna ka saki ya yi ƙara gajere, ka riƙe ya yi dogo, kowane harafi da nasa jerin gajere da dogo. Wannan shi ne mos. Shekara biyu na yi ina koyo kafin ƙarar ta daina zama mini kukan gyare. Da kunnena ya buɗe sai na gane wani abu: kowane mai danna ki yana da hannunsa, yadda kowa yake da tafiyarsa. Wani yana jan dogo, wani yana haɗiye gajere. Saje yakan ji harafi uku ya ce wane ne daga ƙasa kaza, tun mutumin bai faɗi lambarsa ba. Shi kansa yana da wani ɗan tsaiko kafin harafin ƙarshe na kowace kalma, sak ɗingishinsa. Ni kuwa ya ce hannuna na ɓarawon akuya ne, kullum a guje yake.

Da mutane da yawa yake gaisawa, wasu a ƙasashen da ban san sunansu ba sai na duba taswirar bango. Amma mutum ɗaya ne ba a fashi da shi. Kofur Kwami, abokin aikinsa na soja, Kirista mutumin kudu, yana zaune a wani gari bakin teku. Kowace Juma'a bayan la'asar, ƙarfe huɗu da rabi daidai, Kwami zai kira, Saje ya amsa. Da Hausar bariki suke yi, wadda suka koya a soja. Ba wata magana ce mai nauyi ba. Ruwa ya sauka? Gwiwa fa? Wane ya mutu, wane ya aurar da 'ya. Kwami ya ce masa tsofo banza, shi ya ce masa mai cin kifi. Minti goma sha biyar su sallami juna. Ban taɓa ganin Kwami ba, su ma rabonsu da haɗuwa tun barin aiki.

Sau ɗaya na ga abin da masu wannan harka suke yi wa mamacinsu. Wani tsoho da suke gaisawa da shi ya rasu, abokansa suka haɗu a kan layi. Ɗaya ya kira lambar mamacin sau uku, yana tsayawa bayan kowane kira, kowa ya ɗauke hannu daga ki. Doka ce, ba wanda zai amsa. Bayan na uku aka ce wane ya ajiye ki. Saje ya cire hularsa ya mayar, ya ce in kashe mu tafi magariba.

Kuskuren da ba na mantawa na yi shi ne a shekarata ta biyar. In an gama aiki, dole a cire wayar eriya daga jikin akwati a maƙala ta a wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, saboda tsawa. Kun san ruwan farko na Tamale yadda yake zuwa. Ranar Talata ce, Saje ya bar ni a ɗakin ina saurare don in gyara kunne. Mma Azara ta kira ni cin tuwo, na fita ban cire ba, daga nan na wuce shago. Hadari ya taso da azahar. Tsawar ba ma a gidan ta faɗi ba, can wajen masallaci ne, amma wayar ta kwaso rabonta ta shigo da shi ɗaki. Da na dawo na buɗe ƙofa na ji ƙauri.

Na zaci duka zan sha. Saje ya tsaya ya dubi akwatin, ya dubi kalandar bango, ya ce, "Yau Talata. Kana da kwana uku." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Bawul biyu sun mutu, ƙwan gilashin nan da ke yin ja in akwatin ya yi zafi. Taransifoma kuma, dunƙulen wayar da ke daidaita wuta, ya ƙone ƙurmus. Bawul na samo a wurin wani tsohon ma'aikacin gidan waya a Kalpohin, sai da na durƙusa masa. Taransifoma kuwa babu irinsa a garin nan, ko an aika Kumasi sai mako biyu. Don haka na zauna na warware shi da hannu, zagaye bayan zagaye, duk hamsin in jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani. In ka ɓata ƙirga ka naɗa sabo ba daidai ba, ko ya sake ƙonewa ko ya kashe bawul ɗin da ka roƙo. Wayar siririya ce kamar gashi. Na ciro wata daga matacciyar fanka na fara naɗi, ina shimfiɗa takardar siminti tsakanin kowane layi. Ranar Alhamis da rana ta tsinke mini a tsakiya. Na warware na faro daga farko, idona yana ruwa, ban san na hayaƙin gawayi ba ne ko na takaici. Saje yana zaune a kujera da carbinsa, bai sa mini hannu ba, bai kuma tashi ya bar ni ba.

Ranar Juma'a muna saukowa daga masallaci na koma kai. Ƙarfe huɗu da minti ashirin bawul suka yi ja. Huɗu da rabi muka ji Kwami. Saje ya ja kujera ya amsa kamar ba abin da ya faru, ya ce masa ruwa ya sauka a Tamale.

Bayan sun sallama ne ya faɗa mini abin da bai sake faɗa ba har ya bar duniya.

"Idi, zauna. Can inda aka kai mu, ni ke kan setin rediyo a hedkwata, Kwami yana wani ƙaramin kam na sojoji cikin daji. Rana ɗaya na tashi na je karɓar shayi. Minti goma sha biyu. Na dawo na iske Kwami yana kira, yana kira. Mutum nasu ɗaya ya taka nakiya a ƙasa, jini na zuba, suna son mota. Mota ya tafi, amma ya iske shi ya cika. Ko da na amsa da wuri zai mutu? Allah ne ya sani. Kwami bai taɓa ce mini komai ba. Amma ni na ce, in dai ina numfashi, mutumin nan ba zai kira ya ji shiru ba."

Ya miƙe ya cire eriyar da kansa, ya maƙala ta a ƙarfen.

Shekaru suka tafi. Saje ya yaye ni, aka zuba mini hoda a ka yadda ake yi wa wanda ya gama koyon sana'a a nan, ya ba ni mitarsa da makullin shago. Ya matsa mini sai da na yi jarrabawa na karɓi tawa lambar kiran, duk da ban cika amfani da ita ba. Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da wuta ta zama baƙuwa, wadda 'yan kudu suka sa wa suna dumso. Kwana ɗaya da wuta, biyu babu. Wutar ba ta dame ni ba, na kakkaɓe kolpot na koma gidan jiya. Abin da ya kashe mu ƙananan rediyon nan masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda sayen sabo ya fi gyaransu sauƙi, ga wayar hannu ta zo da nata rediyon a ciki. Sai in wuni a nan ban ga mutum ɗaya ba. Abokan sana'ata biyu suka koma tuƙa yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku. Ni na koma gyaran tocila da fanka. A cikin shekarar ne kuma, da damina, Saje ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Juma'ar farko bayan an sallamo shi daga asibiti ya sa aka ɗauke shi a kujera zuwa bariki. Babu wuta, na ɗauro batirin mota a bayan babur na haɗa. Ya ɗora hannun dama a kan ki, hannu ya zame. Ya gwada na hagu, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Saura minti biyar. Ya dube ni, bakinsa a karkace, ya ce, "Zauna. Da lamba na."

Na ce, "Masta, mu gaya masa gaskiya mana. Ko mu nemi ɗiyarsa a waya."

Ya ce, "In ya ji zai hau mota ya zo. Shi ma ƙafa babu, hanya zai kashe shi. Kuma ba na so ya yi mini sannu. Danna."

Na danna. Yana faɗa ina aikawa, ina ta ƙoƙarin kwaikwayon tsaikon nan nasa kafin harafin ƙarshe. Kwami ya ce tsofo banza, na ce mai cin kifi. Bai tambayi komai ba. Da muka gama Saje ya ce, "Ka yi gudu, amma ya wuce." Daga ranar a gida ma da cokali nake gwada hannunsa a kan tebur, har matata ta fara tambayar mutane ko na taɓu.

Shekara uku muka yi haka. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji. Kowace Juma'a rufe shagon da dama ba ya kawo komai, ɗaukar batir, ɗaga tsoho daga gado zuwa kujera, mayar da shi. Bikin ƙanena na bari a tsakiya na taho, dangi suna yi mini gorin har gobe. Akwai ranar da nake kan babur cikin ruwa ina cewa a raina tsofaffi biyu sun mai da ni jakin wasansu. Amma duk da mitar da nake yi, huɗu da rabi ba ta taɓa same ni a wani wuri ba. A shekarar ƙarshe maganarsa ta ragu, sai ya faɗi kalma ɗaya ni in ƙarasa. Watan ƙarshe ko ɗakin ba ya iya zuwa. Sai in bar ƙofa a buɗe in ƙara ƙarar, ina ƙirƙiro amsa da kaina, shi yana kwance yana ji.

Ranar Laraba da hantsi ya rasu, muka kai shi bayan azahar. Tsofaffin sojoji huɗu suka zo da hulunansu suka tsaya a gefe, biyu da sanda. Bai bar mini wasiyya a kan Kwami ba. Na yi ta juya abin a raina, har na fara tunanin in ci gaba yadda muke, tunda tsohon bai gane ba, me zai sa in karya masa zuciya. Ranar Alhamis Mma Azara, tana cikin takaba, ta aiko aka kira ni. Ta bayan labule ta yi magana.

"Idrisu, gobe Juma'a. Mutumin zai kira."

Na ce, "Na sani, Mma."

Ta ce, "Kar ka sa mamaci ya yi magana."

Huɗu da rabi Kwami ya kira lambar Saje. Na amsa da tawa lambar, da hannuna na ɓarawon akuya, ban yi ɗingishin kowa ba. Na ce sunana Idrisu, ni ne na koyi aiki wurin Alasan, Alasan ya rasu shekaranjiya, an binne shi. Na ce kuma shekara uku ke nan ba shi yake danna ki ba, ni ne, ka yafe mana.

Har na fara duba ko batir ne ya sauka. Can ya dawo, a hankali.

"Na sani," in ji shi. "Tun Juma'a na farko. Alasan yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, kai kana yi da biyu."

Na ce to me ya hana ka tambaya?

"Hannu ba nashi ba, amma magana nashi ne. In ya so in sani zai faɗa, soja ne. Watan nan ne magana ma ya zama naka, na ce wa ɗiya na ya fito mini da baƙin zane na makoki." Ya ci gaba. "Na san don me bai taɓa fashi ba. Duk kam an san shayi ya je karɓa. Tuntuni na so in ce masa ya manta, amma na ji tsoro in ya manta zai daina zuwa."

Sai ya sake dannawa.

"Ka ji ni da kyau, Idrisu. Zan kira shi sau uku. Ka san doka. Ɗauke hannu."

Na ɗauke. Ya kira lambar Saje, ya tsaya. Ba abin da ake ji a ɗakin sai hucin layi. Shekara talatin da wani abu, magana ɗaya aka cusa mini a ɗakin nan, mutumin nan ba ya kira ya ji shiru. A kanta na naɗa waya har idona ya kusa tsiyayewa, a kanta na bar bikin ƙanena. Ya kira na biyu, sai na ga yatsuna sun koma kan katakon ba da sanina ba. Na janye su na zauna a kansu. Mma Azara tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta san mos ba, amma ta san lambar mijinta, shekara arba'in tana jin ta ta bango. Kira na uku ya fi sauran jinkiri, kuma kafin harafin ƙarshe Kwami ya yi ɗan tsaiko, daidai yadda mai shi yake yi, yadda ni na kasa shekara uku. Ya jira. Na jira. Sannan ya ce Alasan ya ajiye ki.

Ban yi kuka a maƙabarta ba. A nan na yi, zaune a kan hannuwana.

Kwami ya ƙara shekara biyu muna gaisawa, wannan karon da lambata. Wata Juma'a bai kira ba. Na jira har aka kira magariba. Juma'a uku haka, sannan ɗiyarsa ta neme ni a waya ta ce ya rasu. Na kira lambarsa sau uku ni kaɗai, ba mai saurare a layi, ba kowa a ƙofa, domin Mma ma ta riga ta bi mijinta.

'Ya'yan Saje sun bar mini ɗakin, shi ya sa har yanzu nake zuwa. In kunna, bawul su yi ja, in saurara rabin awa ko wani zai kira Tamale, in cire eriya in maƙala a ƙarfe in dawo. Wani lokaci akan sami baƙo daga nesa, yawanci babu kowa. Lambata gajera ce, mai kunne zai haddace ta cikin mako guda, kira uku kuma ba ya cin minti biyu. Na duba duk garin nan ban ga wanda zai yi mini shi ba ranar da na ajiye ki.

Huɗu saura kwata. Wanda yake kusa ya taya ni ɗora batirin nan a kan babur, bayana ba ya ɗauka kamar da.